Kukan yamma da iskar ciki: me za a yi wa jaririn da ke shan nonon uwa zalla?

Sabuwar Uwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawara game da ɗana, wanda yake cikin mako na biyar da haihuwa, kuma ba ya shan komai sai nono. Da rana lafiya lau yake, ya sha ya yi barci, amma da zarar yamma ta yi sai ya fara kuka mai tsanani, fuskarsa ta yi ja, ya dunƙule hannuwa, ya naɗe ƙafafunsa zuwa ciki, cikin kuma ya yi tauri. Wani lokaci idan ya saki tusa sai ya ɗan lafa, sannan ya koma. Wasu sun ce in sayo masa maganin ciwon ciki, wasu sun ce abincin da nake ci ne yake kumbura shi, har akwai wadda ta ce nonona ne bai karɓe shi ba. Don Allah me ya kamata in yi?

Uwar Huɗu:
Wa alaikumus salam, ƙanwata, barka da arziki, Allah Ya raya mana shi. Iska ce take damun sa, kuma babu ɗana ko ɗaya da bai yi wannan ba. Ki nemi Gripe Water ki riƙa ba shi, ki kuma daina cin wake da kabeji da duk abin da ke kumbura cikin babba, domin abin da uwa ta ci shi ɗa yake sha.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙanwata, kafin a kai ga maganar magani, ina so ki amsa mini wasu tambayoyi. Yana ƙara nauyi idan an auna shi? Yana jiƙa ƙunzugu aƙalla sau 6 a yini da dare? Jikinsa yana zafi? Idan ya yi amai, tumbuɗin nono ne kaɗan da ke gangarowa daga baki, ko amai ne mai feshi, ko mai launin kore? Kin taɓa ganin jini a kashinsa?

Sabuwar Uwa:
Sista, nauyinsa yana ƙaruwa sosai, fitsari kuma yana yi da yawa. Babu zazzaɓi, babu jini, tumbuɗi ne kawai bayan ya sha. Sai dai na lura yakan ƙware a farkon tsotso, ya saki nonon yana tari, nonon kuma yana feso masa a fuska.

Ma'aikaciyar Jinya:
Alhamdu lillahi, amsoshinki masu kwantar da hankali ne, ko da yake duk abin da za a faɗa a nan ba zai maye gurbin a duba yaron ido da ido ba. Abin da kika kwatanta ya yi daidai da abin da likitocin yara suke kira kolik, wato kuka mai tsawo ga jaririn da yake da lafiya, yana shan nono yana girma, ba tare da an gano wata cuta ba. A 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba da ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi: kukan da ya wuce awa 3 a rana, fiye da kwana 3 a mako, har tsawon fiye da mako 3. Ma'aunin da masana cututtukan ciki suka sabunta a 2016 bai tilasta a jira mako uku ba. Abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne kukan ya fara kuma ya ƙare kafin wata 5, babu zazzaɓi, babu rashin girma, babu alamar cuta.

Abin da nake so ki riƙe shi ne cewa kukan jarirai yana da tafiyarsa. Yakan fara ƙaruwa daga wajen mako na biyu, ya kai ƙololuwa a wajen mako na 6, sannan ya fara sauka, kuma yawancin yara sun rabu da shi a wata na 3 zuwa na 4. Ɗanki yana dab da ƙololuwar, saboda haka kada ki firgita idan kwanaki masu zuwa suka fi na baya wahala. Kimanin jariri ɗaya cikin biyar yana shiga wannan hali, mai shan nono da mai shan madarar gwangwani duka, kuma waɗanda ake samun wata cuta a bayan kukan nasu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Maganar cewa nononki bai karɓe shi ba kuwa, ki yar da ita, domin yaron da nauyinsa ke ƙaruwa shi ne shaidar cewa nonon yana aikinsa.

Uwar Huɗu:
Sista, ban ƙi bayaninki ba, amma ita da kanta ta ce idan ya yi tusa yakan lafa. Idan ba iska ba ce, me ya sa fitar ta take ba shi sauƙi?

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya, iskar tana nan, ban musa ba. Inda ake saɓani shi ne wanne ya riga wani. Jaririn da ya ɗauki lokaci yana tsala kuka da baki a buɗe yana haɗiyar iska mai yawa, kuma yana ɗaure naman cikinsa, shi ya sa za ki taɓa cikin ki ji shi da tauri, daga baya kuma iskar ta fita ta ƙasa. Sau da yawa kukan ne ya tara iskar, iskar kuma ta ƙara masa rashin jin daɗi. Har yanzu masana ba su tsayar da dalili guda na kolik ba: ana duba rashin ƙwarin hanji a watannin farko, da irin ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanjin, da kuma yadda ƙwaƙwalwar jariri ba ta riga ta iya kwantar da kanta ba idan gajiyar yini ta taru masa da yamma. Saboda haka rage iska yana taimakawa, amma kada uwa ta zaci idan ta fitar da iska duka kukan zai ɗauke.

Ungozoma:
Ni abin da ya ja hankalina shi ne ƙwarewar da yake yi a farkon tsotso, da feshin nonon. 'Yata, wannan alama ce ta cewa nononki yana sauka da ƙarfi, wataƙila kuma yana da yawa, kuma yaron da yake kokawa da irin wannan kwarara yana kwankwaɗar iska tare da nono. Nan ne wurin da hannunki zai iya gyara wani abu, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ki fara da kamun nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da alamomi huɗu na kamu mai kyau: bakin yaro ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Kansa da jikinsa su miƙe a layi ɗaya, cikinsa yana manne da naki, kada ya zama yana kwance rigingine ya karkato wuya kawai. Idan kina jin ƙarar taɓ-taɓ yayin da yake tsotso, ko kumatunsa suna lotsawa ciki, ko kan nononki yana fitowa a matse yana miki zafi, to kamun bai zauna ba. Ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi a hankali, ki sake ɗora shi. Idan an gyara sau da yawa ƙarar ba ta daina ba, a sa wanda ya sani ya duba ƙarƙashin harshensa, domin akwai yaran da tantanin wurin yake ɗaure musu harshe.

Game da ƙarfin kwararar, ki kishingiɗa da baya ki ɗora shi a kan ƙirjinki, ta yadda kansa zai fi nonon tudu, domin nonon da yake hawa sama ba ya zuwa da gudu kamar wanda yake gangarowa. Idan kin ji saukar farko ta zo, ki cire shi na ɗan lokaci, ki tare feshin da tsumma mai tsabta, idan ya lafa ki mayar da shi. Kada kuma ki jira sai ya fara kukan yunwa. Da kin ga yana juya kai yana neman nono, ko yana kai hannu baki, ki ba shi, saboda yaron da yunwa ta ci ya fusata yana tsotso da haɗama.

Abu na ƙarshe da mata da yawa ba su sani ba shi ne cewa maiƙon nono yana ƙaruwa ne yayin da nonon yake raguwa a cikin mama. Idan kina saurin sauya shi daga wannan zuwa wancan, zai cika cikinsa da nono mai yawa mai ƙarancin maiƙo, wanda yake wucewa hanji da sauri, sukarin da ke cikinsa ya fi ƙarfin abin da hanjin zai narkar a lokaci guda, ragowar ya yi tsami a can ƙasa ya haifar da iska da kashi kore mai kumfa. Ki bar shi ya gama da ɗaya har ya saki da kansa, sannan ki miƙa masa ɗayan idan yana so. Kuma kada ki riƙa tatse nonon don ki rage shi, sai dai ɗan kaɗan idan ya cika yana miki ciwo, domin yawan tatsa yana ƙara yawan nono ne.

Sabuwar Uwa:
Anti, na gode ƙwarai. Lallai kashinsa yakan zo kore da kumfa wani lokaci. To ita gyatsa fa, yaya ake sa shi ya yi? Nakan daɗe ina bubbuga bayansa ba ta fito ba.

Ungozoma:
Ki ɗora shi a kafaɗarki cikinsa yana dannuwa kaɗan a ƙirjinki, ko ki zaunar da shi a cinyarki ki tallafe haɓarsa da ƙirjinsa da tafin hannu ba tare da kin matse masa wuya ba, ko ki kwantar da shi rub da ciki a kan cinyoyinki kansa ya ɗan fi cikinsa tudu, sannan ki shafa bayan daga ƙasa zuwa sama ko ki bubbuga a hankali. Ki gwada lokacin da za ki sauya nono da kuma bayan ya gama. Idan 'yan mintoci sun wuce ba ta fito ba kuma yaron yana cikin natsuwa, ki ƙyale shi, ba kowane shan nono ne yake barin iska ba.

Baban Tagwaye:
Ku gafarce ni in sa baki a maganar mata. Game da gyatsa, akwai wani ɗan bincike da aka yi a Indiya a kan iyaye mata 71 da jariransu, inda aka koya wa wasu sa yaro gyatsa bayan kowane shan nono, wasu kuma ba a koya musu ba. Ba a ga bambanci a yawan kolik ba, sai ma tumbuɗi da ya fi yawa ga waɗanda ake sa wa gyatsa. Bincike ne ƙarami, ba na cewa a daina, amma yana nuna cewa bai kamata uwa ta tashi yaron da ya yi barci ta yi ta bugun bayansa tana ganin wajibi ne ba.

Abin da na ga yana aiki a hannuna shi ne in kwantar da yaro rub da ciki a kan damtsena, kansa a wajen gwiwar hannu, tafina yana tsakanin ƙafafunsa, in yi ta zagaye da shi a hankali. Wannan aiki ne da uba zai iya karɓa, kuma ya kamata ya karɓa, domin macen da ta yini tana shayarwa ba ta da sauran ƙarfin da za ta kwana tana jijjiga.

Hajiya Kaka:
Allah Ya yi maka albarka, ɗana, da wannan magana ta ƙarshe. Ni abin da na sani shi ne tausa da ɗumi. A kwantar da yaro rigingine, a shafa masa ciki da tafin hannu mai ɗumi, a riƙa naɗe ƙafafunsa zuwa ciki ana miƙewa kamar mai tuƙa keke, iska za ta fita. Wanka da ruwan ɗumi ma yana saukar musu da jiki. Idan abin ya ƙi, ɗan ruwan ɗumi a cokali da ɗigon zuma ba ya ɓata komai.

Ma'aikaciyar Jinya:
Hajiya, tausar da motsa ƙafafun da wankan duk na karɓa hannu biyu. Zan ƙara kawai cewa shafar ta bi yadda hannun agogo yake juyawa, domin haka babban hanji ya kwanta, kuma a yi ta lokacin da yaro yake cikin natsuwa, ba nan take bayan ya sha nono ba. Amma a kan zuma, ki yi mini haƙuri, Hajiya, ba zan iya yin shiru ba. Zuma tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta mai suna botulizim, wadda hanjin babba yake iya kawar da ita amma a hanjin jariri takan tsiro ta fitar da dafi mai shanye jiki har ya taɓa numfashi, shi ya sa ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma ko kaɗan, dafaffiya ko ɗanya. Ruwa ma ba a ba jariri kafin wata 6, saboda nono kansa mafi yawansa ruwa ne, ruwan da aka ƙara kuma yana cike gurbin nono a ƙaramin ciki, yana iya shigo da ƙwayoyin gudawa, idan ya yi yawa kuma ya tsinka gishirin jininsa. Haka hukuncin yake ga duk wani jiƙon ganye ko shayi da ake cewa na jarirai ne.

Hajiya Kaka:
To, Sista, ilimi kogi ne. Na janye zumar, amma tausa tana nan.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Tunda an ambaci Gripe Water, bari in faɗi abin da na sani. Wani mai harhaɗa magani a Ingila, William Woodward, shi ya fara haɗa shi a 1851, kuma haɗin farko yana ɗauke da barasa da sukari da sinadarin bikabonet da man wani tsiro mai ƙamshi. Yawancin kamfanoni sun cire barasar yanzu, amma haɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma babu ingantaccen binciken da ya tabbatar yana maganin kolik. Ɗigon simetikon, wanda aikinsa shi ne haɗe ƙananan kumfar iska su zama manya, ba ya shiga jini kuma ba a san shi da cutarwa ba, sai dai da aka gwada shi da ɗigon da babu magani a ciki, sakamakon bai bambanta ba. Wanda nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne disaikilomin, maganin murɗar ciki: an hana ba wa jaririn da bai kai wata 6 ba saboda an samu yaran da numfashinsu ya ɗauke bayan sun sha. Duk wani maganin sa barci ko na murɗar cikin manya, kada ya kusanci bakin jariri.

Abin da yake da ɗan goyon bayan bincike shi ne ɗigon ƙwayoyin bakteriya masu amfani na nau'in Lactobacillus reuteri DSM 17938, wanda aka ga yana rage tsawon kuka ga jarirai masu shan nonon uwa, ko da yake ba a ga haka a fili ga masu shan madarar gwangwani ba. Ko shi ma ba kowane yaro yake yi wa aiki ba, kuma da shawarar likita ake fara shi.

Uwar Huɗu:
Malam, ni dai na ba nawa kuma na ga sun yi shiru, ba labari aka ba ni ba.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Hajiya, ban ƙaryata idonki ba. Zaƙi a harshen jariri yana sa shi yin shiru na ɗan lokaci, wannan sananne ne. Sannan yawancin iyaye suna kai wa ga sayen magani ne lokacin da kukan ya kai ƙarshen tsananinsa, wato dab da lokacin da zai fara sauka da kansa, sai maganin ya karɓi yabon da na kwanaki ne. Shi ya sa kusan kowane magani na kolik yake da masu rantsuwa da shi.

Maman 'Yan Mata:
Ina so a koma kan abincin uwa, domin ban yarda a ce ba shi da tasiri ba. 'Yata ta biyu ta yi kuka mai tsanani, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a fuska, ga majina da ɗigon jini a kashi. Likita ya sa na daina shan madarar shanu da duk abin da aka yi da ita, kuma yarinyar ta samu sauƙi.

Ma'aikaciyar Jinya:
'Yar'uwa, abin da ya sami 'yarki gaskiya ne, amma wani abu ne daban da wanda Uwar Huɗu ta faɗa a farko. Iskar da wake ko kabeji suke haifarwa tana samuwa ne a hanjin uwa lokacin da ƙwayoyin hanjinta suke narkar da dusar abincin, nono kuwa daga jini ake yin sa, kuma iskar ba ta bi ta jini ta shiga nono. Abin da yake iya ratsawa shi ne ɓurɓushin furotin na madarar shanu, wanda jikin wasu yara ƙalilan yake ƙi, kuma yawanci yakan zo da alamomin da kika lissafa: jini ko majina a kashi, ƙurajen fata, yawan amai, wani lokaci da rashin ƙaruwar nauyi. A irin wannan hali likita yakan sa uwa ta bar madarar na mako 2 zuwa 4, sannan ta koma sha don a tabbatar, idan babu canji kuma ta ci gaba da cin abincinta. Abin da ba na so shi ne mai shayarwa ta yi ta zubar da abinci ɗaya bayan ɗaya bisa zato har ta rame. Abubuwa biyu da suka cancanci a kula da su ga kowa su ne yawan shan kofi da sauran abubuwan sha masu kafeyin, wanda yake daɗewa a jikin jariri sabon haihuwa, da hayaƙin taba, wanda bincike ya danganta shi da ƙaruwar kolik.

Sabuwar Uwa:
Sista, yaushe ne zan san cewa abin ya wuce kolik, in tafi asibiti?

Ma'aikaciyar Jinya:
Ki tafi nan take, ko da tsakar dare ne, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyas alhali bai cika wata 3 ba, ko ya yi amai kore, ko amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane shan nono, ko kika ga jini a kashi ko a amai. Haka kuma idan ya ƙi karɓar nono, ko jikinsa ya saki ya zama da wuyar tashi daga barci, ko numfashinsa ya yi sauri ko yana gurnani, ko maɗigarsa ta kumbura ko ta faɗa, ko fitsari ya ragu, ko cikin ya kumbura ya ƙi sauka ko da ya yi shiru, ko kika ga kumburi a matsematsinsa ko a marainansa. Kukan da ya sauya ya zama siriri mai tsini, ko wanda ya ɓarke farat ɗaya ga yaron da ba ya yin haka, shi ma abin dubawa ne. Duk lokacin da ya ƙi lallashi, ki tuɓe shi ki duba yatsun hannu da na ƙafa da gabansa, domin silin gashi ko zare yakan naɗe wurin ya datse jini ba a lura ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ki ke kanki. Kukan da ya ƙi ƙarewa yana iya kai mai haƙuri bango, kuma jijjiga jariri da ƙarfi cikin fushi, ko na daƙiƙu kaɗan ne, yana iya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa. Idan kin ji ranki ya fara ɓaci, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki fita na kamar minti 10 ki sha iska, ko ki miƙa shi ga babansa. Duk wanda zai riƙe miki shi, ki faɗa masa wannan. Kuma ko da kwanciya rub da ciki tana ba shi sauƙi a hannu ko a cinya, idan barci ya zo rigingine ake kwantar da shi. Idan kuma ke kika ga baƙin ciki ko fargaba sun zauna miki kullum, ki faɗa wa likita, domin hakan yana samun mata da yawa bayan haihuwa kuma ana maganinsa.

Baban Tagwaye:
Sista, tambaya ɗaya ta rage mini. Ɗaya daga cikin nawa yakan yi ta yunƙuri yana ja yana kuka kafin ya yi kashi, wani lokaci kuma ya kwana biyu bai yi ba. Wannan taurin ciki ne?

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, a duba kashin da ya fito, shi ne alƙali. Idan mai laushi ne, ba taurin ciki ba ne. Jariri ne bai riga ya iya haɗa abu biyu a lokaci guda ba, wato matsa ciki da sakin dubura, sai ya yi ta yunƙuri yana kuka na minti 10 ko fiye kafin ya dace, kuma yakan koya da kansa cikin 'yan makonni. Bayan mako na 6, mai shan nonon uwa zalla yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, kuma babu laifi muddin yana shan nono, yana fitsari, yana tusa, cikinsa kuma da laushi. Kada a tura masa sabulu ko ma'aunin zafi ko wani abu a dubura don a taimaka masa, naɗe ƙafafun nan da Hajiya ta kwatanta ya wadatar. Amma idan kashin ya fito da tauri kamar tsakuwa, ko fari fat, ko jaririn bai kai mako 6 ba kuma kashin ya yi ƙaranci, to a kai shi a duba, a kuma auna nauyinsa.